Abin da alƙalan ƙanƙara ke aunawa, da inda rauni ke shiga maki

A gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Pyeongchang, ƙasar Koriya ta Kudu, cikin Fabrairun 2018, manyan 'yan wasan zamiya a kan ƙanƙara biyu sun shiga fili da tabon rauni a ƙafar dama. Yuzuru Hanyu na Japan ya ji ciwo a jijiyar idon sawu tun Nuwamban 2017, lokacin da yake gwada wani tsalle mai juyi huɗu a wajen atisaye a Osaka, ya kuma shafe wata uku bai shiga kowace gasa ba. Evgenia Medvedeva ta Rasha, wadda ta ci gasar duniya sau biyu a jere, ƙashin ƙafarta ne ya tsage a wannan kakar. Hanyu ya koma gida da zinariya. Medvedeva kuwa ta yi wasanta ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, amma Alina Zagitova, yarinya 'yar shekara 15 da suke horo a hannun malama ɗaya, ta wuce ta da maki 1.31 a jimillar da ta doshi 240.

Duk wanda ya duba takardun makin da aka fitar bayan gasar ba zai ga layi ko guda da ya ambaci idon sawu ko tsagaggen ƙashi ba. Aikin alƙali shi ne ya auna abin da aka yi a gabansa cikin 'yan mintocin wasanni biyun da kowa ke yi a gasa, gajeren shiri da dogon shiri, shi ke nan. A ganina haka ya kamata. Sai dai rauni yana da hanyoyin da yake bi ya shiga maki ba tare da an rubuta sunansa ba, kuma ba a gane hanyoyin sai an san yadda ake haɗa makin tun farko.

Kafin 2004 ana bin tsarin da aka fi sani da 6.0. Kowane alƙali yakan ba da maki biyu, ɗaya na gwanintar motsi, ɗaya na kyan gabatarwa, shida kuma ita ce ƙololuwa. Amfanin lambobin kawai su jera 'yan wasa a wurin kowane alƙali, wane na ɗaya, wane na biyu, wanda mafi yawan alƙalai suka sa a gaba shi ya ci. Tsari ne mai daɗin kallo, don har yau ana tuna daren Olamfik ta Sarajevo na 1984 da alƙalai tara suka jera wa Jayne Torvill da Christopher Dean na Birtaniya shida-shida a fannin salo. Amma ba ya tambayar alƙali dalili. A Olamfik ta Salt Lake City a 2002, a gasar da mace da namiji ke yi tare, alƙalai biyar suka zaɓi 'yan Rasha, Elena Berezhnaya da Anton Sikharulidze, huɗu suka zaɓi 'yan Kanada, Jamie Salé da David Pelletier, alhali kowa ya ga ɗan Rashan ya yi tangal-tangal a wata dira. Sai alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce matsa mata aka yi, maganar da ta janye daga baya. Aka ƙare da ba da zinariya ga ɓangarorin biyu, aka dakatar da ita shekara uku, ƙungiyar wasan ta duniya, ISU, ta rushe tsarin ɗungurungum. Wanda ya maye gurbinsa shi aka yi amfani da shi a Olamfik ta Turin a 2006, shi ake kai har yanzu, ana ta yi masa kwaskwarima.

Sabon tsarin ya raba aikin gida biyu. Akwai kwamitin ƙwararru na mutum uku, su ke faɗin sunan kowane motsi da aka yi, su ƙirga juyin tsalle, su tantance matakin wahalar jujjuyawa a wuri ɗaya da na jerin takun ƙafa, daga mataki na ɗaya zuwa na huɗu. Suna da damar mayar da bidiyo baya su kalla a hankali. Sannan ga alƙalai tara, waɗanda ke faɗin yadda aka yi motsin, da kyau ko da dama-dama, su kuma ba da makin salo. A kowane motsi ana jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin bakwai ɗin da suka rage, don kada son ran mutum ɗaya ya karkatar da sakamako.

Tsalle iri shida ne. Uku ana tashinsu daga kaifin ƙarfen takalmi kai tsaye, wato Salchow da lup da Axel. Sauran ukun, tolup da filif da Lutz, sai an caka haƙoran gaban ƙarfen ɗaya ƙafar a ƙanƙara a yi dogaro da su. Axel, wanda ya samo suna daga Axel Paulsen ɗan Norway da ya fara yin sa a 1882, shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, tunda kuma kowane tsalle da baya ake dirarsa, kullum yana ɗauke da ƙarin rabin juyi. Kowanne da farashinsa a rubuce. A jadawalin da aka kafa a 2018, Lutz mai juyi uku maki 5.90 ne, Axel mai uku 8.00, tolup mai huɗu 9.50, Lutz mai huɗu 11.50, Axel mai huɗu kuma 12.50. A kan wannan farashin ne alƙalai ke ƙari ko ragi, daga mataki biyar ƙasa zuwa biyar sama, kowane mataki kashi 10 cikin 100 na farashin. Abin da suke dubawa shi ne tsawon tsallen da nisansa, sauƙin tashi, tsabtar dira, ko ya faɗa daidai kan kiɗa, da ko an shiga shi daga wani taku mai wuya ko kuwa an yi ta zagaye fili ana tattara ƙarfi tukuna.

Lissafin nan yana da sakamakon da ba kowa ke lura da shi ba. Tunda ƙarin kaso ne na farashi, Lutz mai huɗu da aka yi shi tsaf zai iya kaiwa 17.25, mai uku kuwa komai kyansa bai wuce 8.85 ba. Idan aka faɗi a mai huɗun, rabin farashin ya tafi, a kuma cire maki ɗaya na faɗuwa, ya rage 4.75, ƙasa da Lutz mai uku na yau da kullum. Wannan gyaran 2018 ne ya kawo shi. Kafin nan mutum yakan faɗi warwas a tsalle mai huɗu ya tashi da maki fiye da wanda ya yi mai uku ba tangarɗa, 'yan kallo suna ta mamaki.

Wurin da aka fi samun gardama shi ne cikar juyi. Tsalle mai huɗu bai kai daƙiƙa ɗaya a sama ba, kuma sau da yawa ƙarfen yakan taɓa ƙanƙara kafin jiki ya gama juyawa, a ƙarasa sauran a ƙasa. Idan gibin ya tsaya daidai kwata, ana barin farashin amma alƙalai su rage nasu. Idan ya wuce kwata bai kai rabi ba, kashi 80 cikin 100 na farashin za a ba da. Idan ya kai rabi, sai a mayar da tsallen mataki ɗaya ƙasa, mai huɗu ya koma farashin mai uku. Haka ma Lutz da filif, ana duba ko daga kaifin waje aka tashi ko na ciki. Tsakanin kwata da abin da ya ɗan wuce kwata kuwa 'yan santimita ne na ƙarfe a hoton da ya dogara da inda kyamara ke tsaye, mutum uku kuma za su yanke hukunci cikin 'yan mintoci. Ke nan ko a ɓangaren da ake ce wa na ƙididdiga akwai idon mutum a ciki.

Zagitova da malamarta Eteri Tutberidze sun karanta dokar fiye da kowa. A lokacin duk tsallen da aka yi a rabin shiri na biyu yana samun ƙarin kashi 10 cikin 100, saboda ƙafa ta riga ta gaji. Sai suka kwashe tsallenta gaba ɗaya suka kai rabin ƙarshe. Ba ta karya doka ba. Amma bayan gasar ISU ta taƙaita garaɓasar ga tsalle ɗaya na ƙarshe a gajeren shiri da uku na ƙarshe a dogo.

Salo shi ne ɗaya rabin, a nan kuma tsarin bai taɓa samun natsuwa ba. Da fannoni biyar ake dubawa, daga kakar 2022 aka mayar da su uku: tsarin shirin, gabatarwa, da ƙwarewar zamiya. Na farkon yana tambayar ko shirin ginanne ne, ko ya cika fili, ko motsi yana haifar da motsi. Na biyu yana duba yadda ɗan wasa ya ji kiɗan ya isar da shi. Na ukun shi ne wanda tsofaffin masu horarwa suka fi girmamawa, shi ne kuma ɗan kallo ya fi saurin tsallakewa: zurfin kwanciyar kaifi, yadda mutum ke samun gudu da turi ɗaya inda wani sai ya yi uku, laushin gwiwa, iya juyawa dama da hagu ba bambanci. Kowane fanni daga 0.25 ne zuwa 10. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ƙwararren alƙali yana gane mai iya zamiya tun a zagayen farko. Matsalar ita ce lambar da zai rubuta.

Abu na farko, salo yana da iyaka, tsalle ba shi da ita. A dogon shirin maza, ko an ba mutum goma a duk fannonin uku, kimanin maki 100 ne, na mata kimanin 80. Makin motsi kuwa yana hawa ne duk lokacin da wani ya ƙara juyi. Sa'ad da aka tsara abin, ɓangarorin biyu kusan kai ɗaya suke. Yau ba haka ba ne. Abu na biyu, manyan 'yan wasa duk a cunkushe suke tsakanin takwas da rabi da tara da rabi, ta yadda tazarar da ke tsakanin gwanin salo da mai matsakaicin salo ba ta kai farashin tsalle ɗaya mai huɗu ba. Jason Brown na Amurka, wanda da wuya a sami mai musun cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa iya zamiya a zamaninsa, na shida ya zo a Olamfik ta Beijing a 2022, na biyar a gasar duniya ta 2023 da ta 2024, don ba shi da tsalle mai huɗu da zai dogara da shi. Abu na uku, wanda ya fi damuna, makin salo yakan bi makin tsalle a baya. Yaro ya fara dirar mai huɗu a watan Oktoba, kafin Maris sai ka ga jin kiɗansa ma ya hau a takarda, alhali kiɗan da kunnen duk ba su canja ba.

Olamfik ta Vancouver ta 2010 ana yawan ba da labarinta a matsayin ranar da salo ya kayar da tsalle, don Evan Lysacek na Amurka ya doke Evgeni Plushenko na Rasha ba tare da ya gwada mai huɗu ba. Takarda ba ta ce haka ba. A dogon shiri makin salonsu ɗaya ne, 82.80 kowanne. Lysacek a ɓangaren motsi ya ci, da jujjuyawa da takun ƙafa da tsabtar dira da garaɓasar rabin ƙarshe. Tazarar jimilla, abin mamaki, ita ma 1.31 ce. A Olamfik ta Sochi a 2014 kuwa ƙorafin ya fi ƙarfi. Adelina Sotnikova ta Rasha, wadda ta ci zinariya, ta yi tsalle bakwai masu juyi uku, Yuna Kim ta Koriya ta Kudu ta yi shida, wannan ba gardama. Abin da ya tayar da ƙura shi ne makin salo, 74.41 da 74.50, kamar a ce babu komai tsakanin su biyun, ga shi a lokacin ba a bayyana wane alƙali ya ba da wane maki. Sai a 2016 aka daina ɓoye sunayen.

Yanzu ga jiki. Mafi yawan 'yan wasa hagu suke juyawa a sama, su dira da ƙafar dama, da baya, a kan kaifi ɗaya na ƙarfen da faɗinsa wajen milimita huɗu ne. Nauyin da ke sauka a ƙafar ya ninka nauyin jiki sau da yawa, takalmin kuma mai tauri ne, ba ya barin idon sawu ya lanƙwasa ya shanye bugun yadda ya kamata, sai abin ya haura gwiwa da ƙugu da baya. Tsallen da aka gani sau ɗaya a gasa an maimaita shi ba adadi a atisaye. Tara Lipinski ta ci zinariya a Nagano a 1998 tana da shekara 15, aka yi mata tiyatar ƙugu tana da 18. Nathan Chen na Amurka an yi masa tasa a 2016 yana ɗan 16. Plushenko, da aka riga aka yi wa aiki a ƙashin bayansa, a wajen ɗumama jiki ya janye daga gasar maza a Sochi.

Hanya ta farko da rauni ke bi ita ce jerin tsallen da ɗan wasa zai zaɓa. Hanyu ya je Pyeongchang ya ajiye Lutz da lup masu huɗu, ya tsaya kan Salchow da tolup, waɗanda suka fi arha amma ya fi iyawa, ya nemi riba a wajen ƙarin inganci. Gajeren shirinsa ya kawo 111.68. Chen ya jera tsalle shida masu huɗu a dogon shiri, ya fi Hanyu maki a wannan ɓangaren, amma tun a gajeren shiri ya faɗo na 17, ya ƙare na biyar. Hanyu ya zama namiji na farko da ya ci zinariya sau biyu a jere tun Dick Button a 1948 da 1952. Tsarin ke nan yana ba mai rauni damar musayar wahala da inganci, amma sai wanda dama yake da ingancin a ajiye.

Hanya ta biyu ba a ganinta sai a bidiyo. Ƙafar da ta warke ba lalle ta dawo da duk tsawon tsallenta ba, kuma santimita kaɗan da aka rasa a sama su ne ke komawa gibin kwata a ƙasa. Ɗan kallo zai ga an dira lafiya ya tafa, takarda ta fito da alamar ragi a tsalle uku ko huɗu. Wannan shi ne harajin da mai dawowa daga jinya ya fi biya.

Ta ukun ita ce abin da alƙalai ke tunawa, kuma takan yi amfani, takan yi illa. A gasar Shanghai ta Nuwamban 2014 Hanyu ya yi karo da Yan Han na Sin a wajen ɗumama jiki, ya fito da bandeji a kai, ya faɗi sau biyar, duk da haka aka ba shi maki 84 na salo ya zo na biyu. Jarumtar ba a musunta. Amma shirin da aka faɗi sau biyar a cikinsa ya tarwatse, makin nan na sunansa ne da na tausayi. Tambayar da ta fi wannan nauyi ma ita ce yadda aka bar wanda ya bugu a kai ya koma fili. A ɗaya gefen, wanda ya yi kaka guda yana jinya yakan sauka a jerin matsayi na duniya, ya dawo ya tarar an sa shi a rukunin farko-farko, inda hannun alƙalai bai cika sakewa ba. Medvedeva watanni kaɗan ta yi, amma a cikinsu Zagitova ta ci babbar gasar ƙarshen zagayen Grand Prix na duniya da gasar ƙasar Rasha, ta kuma doke ta a gasar Turai a Moscow. Da aka zo Olamfik, tazarar salonsu a dogon shiri ta tsuke zuwa 77.47 da 75.03, jimillar shirin kuma ta zo daidai wa daida, 156.65 kowacce. Wadda ta yi shekaru tana gina suna da wadda wannan ce kakarta ta farko cikin manya, maki biyu da rabi bai cika tsakaninsu ba.

Akwai masu cewa a riƙa la'akari da halin da ɗan wasa ya fito. Ban yarda ba. Ranar da aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai zo da takardar likita, kuma za a ƙara wa yara ƙwarin gwiwar yin wasa da karaya. Daisuke Takahashi jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke a Oktoban 2008, ya rasa kaka guda cur, ya dawo ya ci tagulla a Vancouver, lambar Olamfik ta farko ga namiji ɗan Japan a wasan, bayan wata guda ya ci gasar duniya a Turin. Darajar abin da ya yi ta tsaya ne a kan cewa ba a sassauta masa ko kwatan maki ba.

Alhakin yana kan masu rubuta jadawalin farashi, domin abin da aka sa wa kuɗi shi yara za su kwana suna koyo. A ɓangaren mata abin ya fito fili. Jiki ƙarami mara nauyi, wanda bai gama girma ba, ya fi saurin juyawa, don haka tsarin ya riƙa saka wa 'yan shekara 15 da 16, su haska kaka biyu su ɓace. Sotnikova ba ta sake zuwa Olamfik ba, haka Zagitova. A Beijing Alexandra Trusova ta gwada tsalle biyar masu huɗu a dogon shiri ta zo ta biyu bayan Anna Shcherbakova, dukansu 'yan 17, yayin da rikicin haramtacciyar ƙwayar da aka samu a jikin Kamila Valieva mai shekara 15 ya mamaye gasar. A watan Yunin 2022, a taronta na Phuket, ISU ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 16, sannan 17 daga kakar 2024. Mataki ne mai kyau, sai dai gasar matasa tana nan, tsalle mai huɗu kuma can ma yana da farashinsa.

A ɓangaren maza Ilia Malinin na Amurka ya dira Axel mai huɗu a Lake Placid cikin Satumban 2022, karo na farko a tarihi, watanni bakwai bayan Hanyu ya gwada shi a Beijing ya faɗi. A daidai wannan kakar Yuma Kagiyama na Japan, mai azurfar Beijing, yana jinyar idon sawun hagu. Da ya dawo sai ya ɗauki Carolina Kostner ta Italiya, tsohuwar zakarar duniya da aka sani da kyan zamiya, cikin masu horar da shi, ya zuba ƙarfinsa a salo yana dawo da tsallensa sannu a hankali. Suka haɗu a gasar duniya ta Montreal a Maris 2024. Kagiyama ya ɗan wuce Malinin a gajeren shiri. A dogo Malinin ya dira tsalle shida masu huɗu, ya tara 137.18 na motsi da 90.61 na salo. Jimilla ta tashi 333.76 ga Malinin, 309.65 ga Kagiyama. Ko da alƙalan tara sun ba Kagiyama goma a kowane fanni na salo a shirye-shiryen biyu, da bai cike rabin tazarar ba.